Hukumar Daidaito ta Birtaniya: Wane Haƙƙin Mata Ta Sa a Gaba?

A ranar 16 ga Afrilu, 2025, alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yanke hukunci, bakinsu ɗaya, cewa duk inda Dokar Daidaito ta 2010 ta ambaci mace ko namiji, jinsin da aka haifi mutum da shi take nufi. Ƙarar daga Scotland ta taso. A 2018 majalisar yankin ta yi dokar da ke neman mata su samu rabin kujerun kwamitocin gudanarwa na hukumomin gwamnati, sai aka sa har waɗanda aka haifa maza suka sauya jinsi a cikin lissafin matan. Wata ƙungiya mai suna For Women Scotland ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta kai ruwa rana a kotuna har magana ta isa Landan. Cikin waɗanda suka shiga shari'ar don ba kotu haske akwai Hukumar Daidaito da Haƙƙin Ɗan'adam, EHRC a taƙaice, wadda doka ta ɗora wa alhakin ganin ana bin Dokar Daidaito a Ingila da Scotland da Wales. Tun daga ranar hukumar take tsaka mai wuya. Wasu na yaba mata cewa ta dawo kan aikinta na kare mata bayan ta daɗe tana noƙewa. Wasu na cewa ta bar matsalolin da ke cin mata miliyoyi a wuraren aiki, ta tare a ƙofar banɗaki tana tantance mai shiga da mai fita. Ra'ayina shi ne hukumar ta yi daidai da ta nemi a fayyace dokar, ta yi kuskure a yadda ta tafiyar da lamarin, kuma abin da mata suka fi buƙata daga gare ta har yanzu ba ta ba su shi yadda ya kamata ba.

Ba za a fahimci rigimar ba sai an san yadda aka haifi hukumar. Kafin 2007 mata suna da hukumarsu ta kansu, wadda dokar hana wariyar jinsi ta 1975 ta kafa, kamar yadda ake da wata ta launin fata da wata ta masu naƙasa. A Oktoban 2007 aka haɗe ukun wuri guda, aka kuma ƙara mata wasu ayyukan. Dokar 2010 ta jera abubuwa tara da ba a yarda a nuna wa mutum bambanci a kansu ba: shekaru, naƙasa, sauya jinsi, aure, ciki da jego, launin fata ko asali, addini ko aƙida, jinsi, da kuma irin jinsin da mutum ke sha'awa. Lokacin da ta fara aiki, kasafinta ya kai kusan fam miliyan 70 a shekara. A 'yan shekarun nan yana wajen fam miliyan 17. Aiki ya ƙaru, kuɗi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ga tsadar kaya da ta ƙara cinye abin da ya rage. Hukumar da ke cikin wannan hali ba za ta iya bin kowace ƙara ba. Duk lauyan da ta tura wani aiki, wani aikin ne ya rasa shi. Shi ya sa tambayar abin da ta sa a gaba take da nauyi, domin zaɓinta shi ne ke nuna wace mace za a ji kukanta a bana, wace ce za ta jira.

Hujjar masu goyon bayan hukumar tana da ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Dokar 2010 ta ba da dama a ware wa mata wasu wurare da ayyuka idan akwai dalili mai kyau kuma ba a wuce gona da iri ba: gidajen fakewa na matan da mazansu ke duka, cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ɗakunan kwanciya a asibiti, gidajen yari, ɗakunan canza kaya, wasannin motsa jiki. Waɗannan ba kyauta aka ba mata su ba. Gidan fakewa na farko da ya yi suna an buɗe shi ne a Chiswick, yammacin Landan, a 1971, mata ne kuma suka gina irinsu da guminsu lokacin da 'yan sanda ke ɗaukar dukan mace a matsayin sha'anin cikin gida. A duba matar da ta gudo da dare da 'ya'yanta biyu da jakar leda ɗaya, ko wadda ta zauna a da'irar mata takwas za ta faɗi abin da aka yi mata karo na farko a rayuwarta. Idan ta ce ba za ta iya buɗe baki ba sai a gaban mata 'yan'uwanta, ba ƙiyayyar kowa ce ta sa ta faɗi haka ba, raunin da ke jikinta ne. Haka ma tsohuwar da ke son mace ta yi mata wanka a gidan kula da tsofaffi, da matan Musulmi da na Yahudawa masu riƙo da addini waɗanda ba za su je wurin ninƙaya ko motsa jiki ba sai a lokacin da aka ware wa mata. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai miliyan 3.9 a Ingila da Wales. Idan ma'anar wurin mata ta zama abin shakka, waɗannan matan ba sa zanga-zanga, janyewa kawai suke yi su zauna a gida, ba wanda ya ƙirga su.

Tushen shakkar kuwa dokoki biyu ne da ba a daidaita su ba. Dokar amincewa da sauyin jinsi ta 2004, wadda ta biyo bayan hukuncin Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam a shari'ar Goodwin a 2002, ta ce wanda ya samu takardar shaida ya koma sabon jinsinsa a idon doka. Dokar 2010 kuma ta yi ta maganar mace ba tare da ta ce uffan kan mai riƙe da wannan takarda ba. Kotun Ƙoli ta nuna inda wannan ke kaiwa. Sassan da ke kare mai ciki da mai jego sun ce mace, to idan takarda ce ke yanke jinsi, wadda aka haifa mace ta samu takardar zama namiji sannan ta ɗauki ciki ta fita daga kariyar ke nan. Sannan takardar sirri ce, mai gidan fakewa ba ta da hanyar sanin wa ke da ita, har laifi ne jami'i ya tona ta. Ta yaya za a gina ƙa'idar shiga wuri a kan abin da mai tsaron ƙofa ba ta da ikon gani? Wannan ne ya sa a Afrilun 2023 shugabar hukumar ta lokacin, Baroness Kishwer Falkner, ta rubuta wa minista Kemi Badenoch cewa ɗaukar jinsi a matsayin na haihuwa zai kawo sauƙin fahimta a fannoni da dama. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, a gaban Kotun Ƙoli hukumar ba ta ce dokar ta riga ta faɗi haka ba. Cewa ta yi, a fahimtarta, mai takarda ya shiga ma'anar, amma hakan na haifar da matsalolin da majalisa ce ya kamata ta gyara. Kotun ce ta wuce inda hukumar ta tsaya.

Akwai laifin da masu yabon hukumar su ma suke ɗora mata, kuma ina tare da su a kai. Shekaru kusan goma ta bar masu asibitoci da gidajen yari da ƙananan ƙungiyoyi suna lalube a duhu. A 2018 tana cikin masu goyon bayan a sauƙaƙa hanyar samun takardar sauya jinsi. A 2021 ta fita daga shirin ƙungiyar Stonewall na ba ma'aikatu shawara, ta kuma shiga ƙarar Maya Forstater, inda kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta yanke cewa imani da cewa jinsi ba ya sauyawa aƙida ce da doka ta kare. A Janairun 2022 ta nemi gwamnatin Scotland ta dakata da gyaran dokar takardar. Hukuma tana da ikon sauya ra'ayi idan hujja ta bayyana. Amma a tsakanin wannan kai-komo, matan da abin ya shafa ne suka riƙa tara kuɗi fam goma fam ashirin a intanet don ɗaukar lauyoyi, suna yin aikin da aka kafa hukuma ana biyan ta don ta yi. A Janairun 2023 sai da aka kai wani mai sauya jinsi da kotu ta samu da laifin yi wa mata biyu fyaɗe gidan yarin mata na Cornton Vale, jama'a suka yi ca, kafin aka mayar da shi na maza. Da hukumar ta fito da magana ɗaya tun da wuri, da an rage wannan ɓarna, ga mata da masu sauya jinsin baki ɗaya.

Ɗaya ɓangaren kuma ba maganar banza suke yi ba. Masu sauya jinsi ba su da yawa. Takardun shaidar da aka bayar cikin shekaru ashirin ba su kai 10,000 ba. Ƙidayar 2021 ta ba da adadin 262,000 a Ingila da Wales, kuma daga baya hukumar sa ido kan alƙaluma ta rage darajar wannan adadi saboda alamun cewa wasu da Ingilishinsu bai nuna ba sun kasa gane tambayar. Mutane ne da ake zagi a titi, ake kora daga aiki, kuma ita wannan hukumar ce doka ta ce ta kare su, domin sauya jinsi na cikin abubuwa taran nan. Lord Hodge da ya karanta hukuncin ya ja kunne cewa kada a ɗauke shi a matsayin nasarar wani ɓangare a kan wani, ya kuma jaddada cewa kariyarsu daga wariya da cin zarafi tana nan. Duk da haka, kwana tara kacal bayan hukuncin, ranar 25 ga Afrilu, hukumar ta fitar da bayanin wucin gadi cewa wanda aka haifa namiji ya sauya ba zai shiga banɗakin mata ba, kuma a wasu yanayi ana iya hana shi na mazan ma, ko da yake ta ce kada a bar shi ba wurin shiga. A ƙaramin shago mai banɗaki biyu, ina na ukun zai fito? Wanda ya shekara ashirin yana aiki a ofis ba wanda ya san tarihinsa, yanzu ƙofar da ya bi ce za ta tona shi. Kuma tun da ba a duba takardar haihuwa a bakin banɗaki, da ido za a riƙa tantancewa, wanda ke nufin mace mai gajeren gashi ko kakkaurar murya ita ma za a iya tare ta. Da farko hukumar ta ce mako biyu za ta ba jama'a su faɗi ra'ayi kan sabon kundin ƙa'idojinta. Da suka ta yi yawa ta mayar da shi mako shida, ra'ayoyi wajen 50,000 suka shigo, a Oktoba kuma ta janye bayanin wucin gadin.

Ban yarda da masu cewa wannan ya nuna hukumar ta zama maƙiyiyar masu sauya jinsi ba. Hukumar da aikinta bayyana doka ne ba za ta iya kawar da kai daga hukuncin kotu mafi girma ba don ya ɓata wa wasu rai. Amma gaggawar da ta yi ta ci amanar duka ɓangarorin. Hukuncin ya yi magana kan ma'anar dokar, bai zana wa kowane gidan abinci taswirar banɗaki ba. Wuraren da haɗarin ya fi tsanani, wato gidan yari da gidan fakewa da ɗakin asibiti da wasannin da ake haɗa jiki, su ne suka cancanci a fara da su, a yi bayani dalla-dalla. A maimakon haka muhawarar ƙasa gaba ɗaya ta koma kan banɗaki, inda aka fi samun mafita mai sauƙi, wato ɗaki guda mai makulli da wurin wanke hannu wanda kowa zai iya shiga. Hukumar da ta san akwai haƙƙi biyu a hannunta, kamata ya yi ranar da ta ce wurin mata na mata ne ta faɗi da ƙarfi iri ɗaya abin da wajibi ne a tanadar wa ɗaya ɓangaren, da wanda zai biya kuɗinsa.

Akwai wata sukar da ta fi damuna, kuma daga bakin mata masu fafutuka take fitowa. Binciken da ita kanta hukumar ta gudanar tare da gwamnati, wanda aka kammala a 2016, ya gano cewa uwa ɗaya cikin tara na rasa aikinta saboda ciki ko haihuwa, ko dai a kore ta, ko a ce an rage ma'aikata ita kaɗai, ko a matsa mata har ta ajiye da kanta. Idan aka auna da ƙasar baki ɗaya, mata kusan 54,000 ke nan a shekara. Ka kwatanta mace irin wannan: jariri ɗan wata biyu a hannu, ba barci, ba albashi, kuma shekara da shekaru doka wata uku kawai take ba ta ta fara shigar da ƙara. Daga 2013 zuwa 2017 ma sai ta biya kuɗi har fam 1,200 kafin a saurare ta, sai da Kotun Ƙoli ta soke kuɗin a ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta shigar. Ga kuma albashi. Bayan yajin aikin mata masu ɗinkin kujerun mota a kamfanin Ford na Dagenham a 1968 aka samu dokar daidaita albashi ta 1970, amma a 2024 giɓin da ke tsakanin maza da mata masu cikakken aiki yana kusan kashi 7 cikin ɗari, na dukkan ma'aikata kuma wajen kashi 13. A Glasgow sai da mata kusan 8,000, masu shara da dafa abinci a makarantu da kula da tsofaffi, suka tafi yajin aiki a Oktoban 2018 kafin majalisar birnin ta amince da biyan sama da fam miliyan 500. Birnin Birmingham ya bayyana cewa asusunsa ya gaza a 2023, bashin daidaita albashi da aka ƙiyasta ya kai fam miliyan 760 na cikin manyan dalilai. Ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyi masu zaman kansu ne suka ja waɗannan yaƙe-yaƙe. Rahotannin mace-macen masu haihuwa kuma sun daɗe suna nuna cewa baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa wajen ciki da haihuwa nesa ba kusa ba. Duk waɗannan kariya ce da ta dogara da jinsi, domin jikin mace ne ke ɗaukar ciki, kuma aikin da aka saba ganin na mata ne ake rainawa wajen biya.

Za a ce, kuma da gaskiya, hukumar ba ta naɗe hannu ba. Ita ce ke bin kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama don su wallafa giɓin albashinsu, kamar yadda doka ta wajabta tun 2017. A Fabrairun 2023 ta sa McDonald's ya sa hannu a yarjejeniyar doka kan cin zarafin ma'aikata, kuma ta taimaka wajen samar da dokar da ta fara aiki a Oktoban 2024, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya ɗauki matakan hana cin zarafi tun kafin ya faru. Za a kuma ce ba zaɓi ba ne tsakanin abu biyu, domin ba za ka ƙirga giɓin albashin mata ba sai ka san su wa kake ƙirgawa. Na karɓi wannan, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce fayyace dokar ya zama dole. Amma a duba sakamakon. Watanni biyar bayan yarjejeniyar McDonald's, binciken BBC ya kawo ƙorafin ma'aikata sama da 100, da yawansu matasa. Dokar giɓin albashi wallafawa kawai ta wajabta, kamfani na iya nuna giɓi iri ɗaya shekara bayan shekara ba abin da zai same shi. Binciken da hukumar ta yi wa ita BBC ɗin kan albashi ya ƙare a Nuwamban 2020 da cewa ba ta ga karya doka ba, alhali a Janairun shekarar ma'aikaciyar gidan, Samira Ahmed, ta yi nasara a kansa a kotun ma'aikata kan maganar albashi. Tun a 2019 kwamitin majalisar dokoki mai kula da harkokin mata da daidaito ya ce nauyin tabbatar da dokar ya faɗa kan ɗaiɗaikun mutanen da aka zalunta, ya kuma nemi hukumar ta daina jin tsoron amfani da ikonta. Kamfanin da ya san hukumar kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, ba zai fasa korar mai ciki ba don an fayyace ma'anar mace a Kotun Ƙoli.

A ƙarƙashin duk wannan akwai matsalar wanda ke riƙe da akalar hukumar. Minista ne ke naɗa shugabanta da kwamishinoninta, gwamnati ce ke yanka mata kasafi. Liz Truss ce ta naɗa Falkner a 2020, kuma tun daga nan masu suka ke cewa sauyin alƙiblar daga sama aka turo shi. Ƙorafin ya kai ga ƙawancen hukumomin haƙƙin ɗan'adam na duniya ya yi mata bita ta musamman, a 2024 kuma ta tsira da matsayinta na ajin farko. Wannan ya wanke ta a takarda, bai kawar da zargin daga zukatan mutane ba. Matan da ke murna a yau ya kamata su fi kowa damuwa da wannan tsari, domin ƙofar da wata gwamnati ta bi ta juya hukumar zuwa inda suke so, ita wata gwamnatin za ta bi ta juya ta baya. Kariyar da ke sauyawa duk lokacin da aka sauya minista ba abin da mai gidan fakewa za ta iya tsara aikin shekara biyar a kai ba ne.

A ƙarshen 2025 Mary-Ann Stephenson ta karɓi shugabancin hukumar. Ta fito ne daga ƙungiyar Women's Budget Group, wadda aikinta auna yadda kasafin gwamnati ke shafar aljihun mata, saboda haka ba baƙuwa ba ce ga maganar albashi da renon yara da fansho. Abin da zan so in gani daga gare ta abu ne da za a iya ƙirgawa. Kundin ƙa'idojin ya zama mai misalai na zahiri, yadda manajan asibiti ko mai ƙaramin wurin motsa jiki zai gane abin da zai yi ba tare da ɗaukar lauya ba, kuma ya faɗi haƙƙin masu sauya jinsi a fili kamar yadda ya faɗi na mata. Hukumar ta ɗauki korar masu ciki a matsayin babban aikin bincike, ta zaɓi fannoni irin su shaguna da otal-otal da gidajen kula da tsofaffi inda mata masu ƙaramin albashi suka fi yawa, ta kai wasu kotu da sunanta maimakon jiran mai jego ta yi. Ta riƙa wallafa adadin ƙararrakin da ta ɗauka a kan kowanne daga abubuwa taran, don jama'a su ga inda kuɗin ke tafiya. Naɗin shugabanninta da kasafinta kuma su koma hannun majalisar dokoki, kamar yadda hukumar haƙƙin ɗan'adam ta Scotland ke amsa wa majalisar yankin ba gwamnatinsa ba. Wannan na ƙarshen ba a hannun hukumar yake ba, sai 'yan majalisar Westminster sun gyara dokar 2006 da ta kafa ta.